Gammon Iya a Ƙofar Kasuwa

A wani gari, can da daɗewa, mutane suka haɗu suka gina wa kasuwarsu katanga. Sarkin magina ya ce kowa ya danna kayan sana'arsa a jikin yaɓe tun yana ɗanye, domin jikoki su gani. Saman ƙofa kuwa ya keɓe wa kansa.

Maƙeri ya zo ya danna awartaki. Masaƙi ya zo ya danna ƙoshiya. Manomi ya zo ya danna fartanya. Kafin la'asar katanga ta cika.

Sai ga tsohuwar da ta yini jido musu ruwa daga rafi, riƙe da gammonta.

Mutane suka ce, "Iya, kin makara, babu sauran wuri."

Ta juya za ta tafi. Sarkin magina ya daɗe yana duban saman ƙofa. Sannan ya karɓi gammon, ya hau tsani, ya danna shi a wurin.

Maƙeri ya ce, "Sarki, ina taka alamar?"

Ya ce, "Ba don ruwanta ba, da a ƙura za mu danna."

Har yau duk mai shiga kasuwar, ta ƙarƙashin gammon Iya yake wucewa.