Abin da Ke Cikin Damisa

Tun kafin assalatu Tabawa ta rataya kwarin mahaifinta, ta ɗauki baka, ta fice ta bayan gida. Kawunta Dogara na biye da barandami a kafaɗa, yana tari. Awakin ƙauyen sai ɓacewa suke yi, kowa ya ce damisar Dutsen Kanya ce. Maharba kuwa sun ce tunda Sarkin Baka, mahaifin Tabawa, ya rasu bai bar ɗa namiji ba, a miƙa bakansa ga wani. Tabawa ta ce sai dai in ta kasa kawo damisar.

"'Yar nan, rage sauri," in ji Kawu. "Damisar ba kasuwa za ta ba."

"Kawu, in gwiwa ta gaza ka zauna. Zan kawo maka jelar ka riƙa korar ƙuda."

Raɓa ta jiƙa mata zane, ƙaya ta tsattsaga mata ƙafa. A bakin rafi ta ga sawun a taɓo, mai faɗin tafin hannu, babu alamar farce. Ta kwanta cikin gamba. Rana ta take, cinnaku suka hau wuyanta suna cizo, ƙishi ya ɗaure mata maƙogwaro, ba ta motsa ba.

Da la'asar damisar ta sulalo daga reshen kanya za ta sha ruwa. Tabawa ta ja tsirkiya har kunne. Kibiya mai dafi ta nutse bayan kafaɗa. Dabbar ta yi gurnanin da ya girgiza ciyawa, ta yo kanta, farce ya yage mata dantse, sannan ta kife a gabanta tana shure-shure.

A gidan su Tabawa ba a feɗe naman daji sai an duba abin da ya ci, domin mahaifinta kan ce ciki ba ya ƙarya. Ta sa wuƙa ta farke. Ko gashin akuya babu. Sai wasu baƙaƙen yatsu masu farce irin na mutum: hannun gwaggon biri.

Kawu ya tsuguna, ya daɗe yana kallo.

"Innalillahi. Ashe ita ke mana gadin dawa. Biri ya ci gona, ita ta ci biri. Awakin nan kuwa a tambayi kura, ko mai ƙafa biyu."

Suka ɗaure damisar a sanda suka saɓa. Da suka juyo, birai sun jeru a kan dutse, sun yi tsit suna kallon gawar. Can babbansu ya yi haushi sau ɗaya, ya fara gangarowa ta wajen gonaki, inda dawa ta fitar da kai. Sauran suka biyo shi, har da masu goyo.

"To, baka ya zama naki," in ji Kawu a hankali.

Tabawa ta kai hannu baya ta lalubi kwarin. Kibau kaɗan suka rage, birai kuwa ba su gama sauka ba.