Shari'ar Odell a Tsallake Take

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya mutu!"

Cleotis ne ya daka tsawar. Shi ne oga, bindiga a hannu, fuska a rufe. Rayford na bayansa, gumi na tsiyaya cikin tsumman da ya naɗe kai da shi. Ƙarfe goman safiyar Talata ne, a kotun gunduma ta garinsu a Mississippi. Sun zo ƙwato Odell, ƙanin Rayford, da za a gurfanar kan fashin gidan mai.

Dogarin kotu ya zube, aka raba shi da bindigarsa. Rayford ya duba benci-benci — babu Odell! Wasu tsofaffi ne biyu da lauyoyinsu, suna rigimar gadon gona.

"Kai, ina ɗan'uwan naka?"

"Nan takardar sammacin ta ce, oga! Kotun gunduma, Talata, ƙarfe goma!"

Rayford ne ya tsara komai. Sati biyu yana cika baki wai a ginin nan ya girma, ya san kowace ƙofa. Ƙofofin kam ya sani, takarda ce bai taɓa karantawa har ƙarshe ba.

"Rayford."

Ya waiga. Gwaggo Earlene ce zaune a teburin magatakarda, yayar babansu da ta raine su. Ba ta aikin Talata, yau ta zo ne a madadin wata.

"Cire tsumman nan. Ni na koya maka tafiya, zan kasa gane ta?"

"Gwaggo, don Allah ki kwanta..."

"Ba zan kwanta ba. Gundumar nan kotu biyu gare ta, sakarai! Kogi ya raba su. Gidan man a tsallake yake, shari'ar Odell ma a tsallake take. Nan yau ranar gado ce da sakin aure. Sau nawa ka ci abincin rana a ƙarƙashin teburin nan?"

Kunya ta lulluɓe shi.

Jiniya! Ofishin 'yan sandan gunduma a bayan kotun yake. Cleotis ya zabura, Rayford ya bi shi. A bakin mota oga ya juyo ya tokare shi a ƙirji — tim, ya faɗi kan matakala.

"Koma gwaggonka ta ƙarasa maka karatu, banza!"

Motar ta fizga. Ba ta yi nisa ba, 'yan sanda sun riga sun datse gada. Tas-tas-tas! A nan Cleotis ya cika, hannunsa kan sitiyari. Rayford kuwa bai ko yunƙura ba da aka ɗaura masa ankwa. Idon gwaggo kawai yake gudu.

A can tsallake, lauyan gwamnati ya riga ya yarda a sassauta wa Odell, shekara huɗu in ya amsa laifi. Waya ta shigo da labarin harin, ya janye takardar yarjejeniyar kafin Odell ya sa hannu, ya ce da sanin Odell aka shirya. Odell ya sha ɗaurin shekara ashirin, Rayford ashirin da biyar. Gwaggo Earlene da hannunta ta buga hatimi a fayil ɗin Rayford, washegari ta ajiye aikin shekara talatin.

Mota ɗaya ta kwashe su zuwa kurkukun jiha, sarƙa ɗaya a ƙafa. Sun yi tafiya mai nisa, sannan Odell ya ce a hankali, idonsa a taga:

"Yaya, shekara huɗu ce fa. Har na ɗauki biro."

Rayford ya sunkuyar da kai.