Hadje Ta Ƙi Tashi

Ranar da Hibatullahi ta fara shiga shagon hoton da ke bakin titi a unguwar Poumpoumré ta Garwa, Adoum yana tsaye a kan kujera yana kafa labule, guduma a hannu, ƙusa a baki. Ya waigo zai amsa sallama, ƙusar ta faɗi, shi ma saura kaɗan ya bi ta.

"A hankali, mai hoto," in ji ta, tana danne dariya da bakin mayafi. "Aiki na kawo maka, ba jinya na zo yi ba."

Ɗaliban mahaifinta, Modibbo Abdurrahman, za su yi saukar Alƙur'ani, ita ma tana cikinsu, ana neman wanda zai ɗauki hoton walima. Adoum ya amsa tun ba ta rufe baki ba. Ya karɓi lambarta wai don tsayar da lokaci, alhali ta riga ta faɗa masa lokacin.

Ko gida ba ta kai ba saƙonsa ya shigo.

"Salamu alaikum. Adoum ne mai hoto. Na manta, da safe ne ko da yamma?"

"Da safe. Kuma ba ka manta ba."

"Gaskiya ne. Hanyar gaishe ki nake nema."

"To ka gaishe ni mana, sarkin gaggawa."

Sunan da ya bi shi ke nan, kuma ya dace da shi. Adoum ba malalaci ba ne, ƙafarsa ce ba ta zama wuri ɗaya. Ya bar makaranta tun yana ɗan saurayi, ya sayar da waya a bakin gadar Kuseri, ya yi bandar kifi a Lagdo, ya yi haya da babur a Garwa, kowanne ya bar shi da ɗuminsa. Abu ɗaya ne ya daɗe a hannunsa, wata tsohuwar kwamfuta da ya samo wajen wani ɗan kasuwa a Kuseri. Ya sa mata suna Hadje, wato Hajiya, saboda ta zaga ƙasashe kafin ta iso gare shi, kuma ba ta son a matsa mata.

Bayan walima soyayya ta kama wuta. Kullum wayar Hibatullahi a ɗumame take. "Hibata, yau na ga hotonki kin karkata kai kina karatu, na kasa wuce shi." Ita kuma ta mayar masa: "Ka wuce shi, akwai sauran mutane a walimar."

Bai tsaya jira ba, ya tura kawunsa neman izini. Modibbo ya karɓi baƙon da mutunci, ya ba shi shayi, sannan ya ce a'a.

"Ban ji an ce yana sata ko shaye-shaye ba," in ji shi. "Amma yaron da ya bar makaranta, ya bar kifi, ya bar babur, me zai nuna mini cewa ba zai bar 'yata ba? Hoton walimarmu ma har yau bai kawo ba."

Da maganar ta iso wa Adoum, maimakon jikinsa ya mutu sai ya yi tsalle. Hoto ne? Ai zai kai wa Modibbo hoton da ba a taɓa gani ba a Garwa. Ya kira abokinsa Ghislain, mai gyaran kwamfuta, ya ce a yi wa Hadje mizajur, wato a sabunta mata tsarinta kaf, don aikin ya fita fes.

"Ka bari ka gama aikin tukuna," Ghislain ya ce.

"Yau nake so. Danna kawai."

Ghislain ya danna. Hadje ta tashi da sabuwar fuska, gwanin kyau. Amma da Adoum ya buɗe manhajar gyaran hoto, sai ta ɗan yi tunani ta rufe kanta. Ya sake buɗewa, ta rufe. Ƙananan manhajojin da ke maƙale da ita, mai daidaita haske da mai gyara launi da mai cire inuwa, waɗanda yake kira 'yan rakiya, ko ɗaya bai amsa ba. Duk hotunan walima suna nan, amma ɗanyu, an ɗauke su a rumfa mai duhu, rabin fuskokin ba a gane su.

Washegari Modibbo ya aiko babban ɗalibinsa, Abdulrauf, ya tambayo hotuna. Shi ma Abdulrauf ya daɗe yana son Hibatullahi a zuci, bai faɗa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa daidai lokacin da Adoum ke zagaye shago, waya a kunne, yana yi wa Ghislain kuka da Hausa gauraye da Faransanci.

"Hadje ta palante ni, mon frère. Shekara da shekaru muna tare tun Kuseri, na yi mata sabon kaya, yau ita da 'yan rakiyarta duk sun juya mini baya. Ni kuwa ba zan iya rayuwa babu ita ba."

A bakin masu kwamfuta, palante na nufin na'ura ta sandare. A bakin samarin gari kuwa, mace ce ta yi watsi da namiji. Abdulrauf bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Ya juya da sauri, ya kai labari gidan Modibbo yadda ya ji shi, bai ƙara ko kalma ba.

Da la'asar saƙon Hibatullahi ya shigo.

"Ka gaishe mini da Hadje. Allah ya daidaita ku. Kada ka sake kirana."

Adoum ya karanta, ya kalli kwamfutar, ya sake karantawa. Ya rubuta: "Hasken idona, Hadje ba ta da kunnen jin gaisuwa. Ki ɗauki waya in yi miki bayani." Ba a buɗe saƙon ba. Ya kira, a kashe.

Ya cire wayoyin Hadje, ya naɗe ta da zanen gado, ya ɗaure ta a bayan babur, allon kuma ya rungume shi a gaba. Haka ya ratsa gari cikin zafin Garwa, yana yi wa kowa hon ya kauce, har ƙofar gidan Modibbo.

"Allah ya gafarta Modibbo," ya ce yana haki, bayan ya durƙusa. "Na kawo ta ne ta yi bayani da kanta."

"Wa?"

"Hadje."

Ɗalibai suka kalli juna. Abdulrauf ya leƙa waje yana neman mace. Adoum ya kwance zanen, ya jona wuta, ya buɗe manhajar. Ta ɗan yi tunani a gaban kowa, ta rufe kanta.

"Kun gani, haka take yi mini tun jiya."

Daga bayan labulen cikin gida aka ji wata dariya ta kuɓuce, aka yi saurin toshe ta. Modibbo ya shafa gemu, kafaɗarsa tana rawa. Abdulrauf ya sunkuyar da kai ya ce a yafe masa, Adoum ya ce shi ma da ya ji haka da abin da zai ɗauka ke nan.

"To wannan ta wuce," in ji Modibbo. "Saura hotuna."

Adoum ya kira Ghislain, ya sa wayar a bayyane don kowa ya ji. Hanya biyu ce, in ji Ghislain. Ko a jira masu 'yan rakiyar su daidaita su da sabon tsari, ba wanda ya san ranar. Ko a kashe su duka, a gyara kowane hoto da hannu, fuska bayan fuska, kuma ko a hakan manhajar za ta riƙa faɗuwa jefi-jefi.

Adoum ya miƙe zumbur. "Akwai wani a Marwa da na ji an ce ya iya. In na kama hanya yanzu..."

"Ka gani ko?" Modibbo ya ce a hankali. "Har ka miƙe. Ga wuta a zaure, ga tabarma. In da gaske kake, a nan za ka gama."

Nan fa aiki ya samu. Kullum da hantsi Adoum na zaure, ƙafa tana karkarwa, hannu a kan linzamin kwamfuta, yana fito da fuskokin ɗalibai daga duhu ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin gida ana aiko kunun gyaɗa, saƙo yana biyo baya.

"Na huce. Amma ka sake wa wannan tsohuwar suna."

"Sai dai ki zaɓa mata da kanki, Hibata."

"Ka yi aikinka, Baba yana kallonka."

Wata rana ya kama babban hoton da ya haɗa kowa, Modibbo a tsakiya, ɗalibai sahu-sahu. Tun safe yake kansa, ya manta bai adana ba. Saura fuska kaɗan manhajar ta ɗauke. Duk aikin ya tafi.

Adoum ya miƙe. Ya fita har wajen babur, ya sa makulli, ya ɗora ƙafa. Titi a buɗe yake, ya san kowace hanya da ke fita daga garin nan. Ya daɗe a haka rana na dukansa. Sai ya zare makullin, ya dawo, ya cire takalmi, ya zauna, ya yi bismilla, ya fara daga fuskar farko.

Modibbo bai ɗago daga littafinsa ba. Sai da ya juya shafi ya ce, "Abdulrauf, in an yi salla ka je ka ce wa kawun yaron nan ina nemansa."

Hannun Adoum ya tsaya a kan linzami. "Allah ya gafarta Modibbo, ai ban gama ba."

"Na sani. Ci gaba."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ta sake yi, ta sake yi. Bai taɓa ta ba sai da ya adana. Saƙon ya ce: "Na ji. Wallahi na ji da kunnena. Ina ta tsalle a ɗaki, Inna ta ce ko aljanu ne."

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. 'Yan Kuseri suka cika mota, masunta daga Lagdo suka zo da bandar kifi kwando-kwando, 'yan babur suka toshe layi da hon. Kowa a cikinsu yana cewa ango nasu ne.

Da aka shafa fatiha, Modibbo ya riƙe hannun Adoum bai saki ba. "Na ba ka ita," in ji shi. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa in abu ya lalace ku dawo ku gyara."

Jama'a suka amsa da amin. Ta ango ce ta fi ta kowa ƙarfi, har mata a cikin gida suka jiyo, suka saki guɗa.