Ɗaki Biyu a Cikin Kwamfuta

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata yarinya mai son labaran kakarta. Kullum sai ta ɗauki muryar tsohuwar ta zuba a kwamfutar gidansu.

Wata rana kawunta mai gyaran kwamfuta ya leƙa, ya ga ta jibge labaran wuri ɗaya da manhajar da ke tafiyar da na'urar. Ya ce, "'Yata, a ƙauyenmu nesa da murhu muke gina rumbu. Bari in raba miki kwamfutar ɗaki biyu: ɗaya na manhaja, ɗaya na labarai."

Ya raba, ya bar mata kwasa. Ƙawayenta na ta kiranta wasa, amma ta zauna tana kwashewa ɗaya bayan ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, har ta gama.

Bayan damina Allah ya yi wa kaka rasuwa. Ba a jima ba kwamfuta ta ƙi tashi. Kawu ya duba ya ce, "Sai an share ɗakin manhaja kakaf."

Yarinya ta riƙe hannunsa. "Kawu, Kaka fa?"

"Tana ɗaya ɗakin."

Da ya gama gyara, ta danna. Sai ga tsohuwa ta yi ɗan tari, ta ce, "Matso kusa, 'yar nan, ba na son ɗaga murya."