Tsumma a Cikin Sitiyari

Rana ta gama faɗuwa, masu shago suna ta jan ƙofofi, shi kuwa Mai Waya yana tsaye a ƙofar gidansa yana hararar motar surukinsa. A duk layin masu gyara babu wanda ya kai shi sanin wayarin mota, kuma ba ya bari a manta da hakan. Motar ta kwana biyu a wurinsa saboda wata jar fitila da ta ƙi mutuwa a dashbod, fitilar eyabag, balan-balan ɗin nan da ke fitowa daga sitiyari ya tare ƙirjin direba in an yi karo. Kwamfuta ta riga ta faɗa masa inda ciwon yake: sensar gaba ta hagu, wadda ke jin bugun karo, can a bayan bamba. Abin da ya rage kawai ya kwanta a ƙasa ya duba.

To amma ya yi wanka, ya sa fararen kaya, kuma ya daɗe da wuce kwanciya a ƙarƙashin mota. Sai ya buɗe ƙofa, ya sunkuya daga waje, ya lalubo rawayar wayar eyabag da ke gindin sitiyari. Shi da bakinsa yake koya wa mutane cewa ba a taɓa rawayar waya sai an cire kan batir an ɗan jira. Bai cire ba. Bai kuma yi bisimilla ba, ga shi magariba ce. Ya ɗora fitilar gwaji.

Ƙarar ta kusa kurmantar da shi. Farar ƙura ta cika motar, jakar ta fito ta saki jiki a kan sitiyari. A cikin ƙarar kuma ya ji kamar wani ɗan siririn kuka, amma ya ce kunnensa ne.

"Lafiya?" in ji matarsa daga cikin gida.

"Taya ce ta fashe a titi," ya ce.

Kunya ce ta fara kama shi kafin tsoro. Da motar wani ce da sauƙi. Amma wannan ta uban matarsa ce, dattijon da ko haɗa ido ba ya iya yi da shi, wanda ke yawo yana cewa mijin 'yarsa ne sarkin masu waya. Sabuwar jaka sai an yi oda an jira, kuma dole a tambayi dalili. Don haka ya naɗe fasasshiyar da sauri, ya cusa ta ciki, ya ƙara da tsummokaran da ya tsinta a zaure don murfin ya cika, ya bi tsagar da gam da baƙin fenti. Jar fitilar kuwa, ya kwance gilashin dashbod ya manna mata baƙin tef. Da safe dattijo ya karɓi motarsa, ya ga babu ja, ya sa masa albarka mai tsawo.

Da magaribar ranar dutse na farko ya faɗo a kan kwanon gidan. Aka zargi yaran unguwa, aka leƙa, babu kowa. Washegari duwatsun suka ƙaru, suna saukowa a hankali kamar ana ajiye su, kuma kowanne da ɗumi. Daga nan sai murya a zaure, muryar mace tana kiran wani suna da ba a iya maimaitawa, irin kiran da uwa ke yi wa ɗan da ya yi nisa da wasa. Da an idar da sallar isha'i komai sai ya lafa. Gidan ya koma jiran faɗuwar rana da faɗuwar gaba.

Sannan abin ya sauka a kan Auta, 'yarsu mai surutu da dariya. Ta daina cin abinci. Rana na yin ja sai ta zauna a tsakar gida, ta miƙa hannu biyu tana juya sitiyarin da babu shi, tana kasa kunne. Mai Waya ya ga hannuwan nan, ya gane, ya kau da kai. Ya sayo magani, ya sayo turare, ya yi duk abin da uba ke yi ban da buɗe baki.

Surukinsa ne ya kawo malami mai ruƙiyya, a cikin motar nan kuwa ya ɗauko shi. Aka shimfiɗa tabarma, uwar ta riƙe kan yarinyar a cinyarta, dattijo ya zauna a kujera yana jan carbi. Malam ya fara karatu, muryarsa ba ta tashi ba ta sauka. Duhu ya soma taruwa a gindin katanga. Can jikin Auta ya sandare, ta tashi zaune, idanunta a rufe.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

Muryar tsohuwa ce, a dishe.

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. An riƙe nawa, na riƙe nasu."

"Wa ya riƙe naki?"

"Tambayi mai gumin nan."

Babu wanda ya juya, amma Mai Waya ya ji duk idanun gidan a ƙeyarsa.

"Ɗana ya ga mota a ajiye, ya hau kujerar direba yana wasa," in ji muryar. "Da an yi bisimilla da ya sauka. Abu ya fashe masa a fuska, ya suma a cikin jakar. Mutumin nan ya naɗe shi, ya danna tsumma, ya liƙe da gam. Kullum ina bin motar ina jin kukansa."

"Zalunci ne ki kama wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba," in ji Malam. "Ki fita."

"A buɗe, in fita. Ba na son jini, ba na son turare."

Mai Waya ya matso kusa da Malam, murya ƙasa ƙasa. "Allah gafarta Malam, a ce mata gobe. Zan kai motar gareji in buɗe ni kaɗai."

Bakin Auta ya yi wata dariya marar daɗi. "Gobe? Naka ɗan ne a ciki? Yanzu."

"In an buɗe, kin yi alkawari ba ke ba gidan nan, ba ke ba motocin mutane?" in ji Malam.

"Na yi. Mu ma ba daɗinsu muke ji ba."

Dattijo ya zura hannu a aljihu, ya fito da makulli, ya miƙa wa mijin 'yarsa. Mai Waya ya karɓa da hannu biyu. Wannan karon ya cire kan batir, ya jira, ya yi bisimilla a fili. Matarsa ce ta riƙe masa tocila. Ya sa sukudireba a tsagar, gam ya saki, tsummokara suka zubo a kan kujera. Wani ɗumi ya wuce ta gefen kunnensa. Daga tsakar gida suka ji atishawa, sannan muryar Auta ta gaske tana cewa, "Umma, yunwa nake ji."

Mai Waya ya so ƙasa ta tsage ya shige. Da ba ta tsage ba, sai ya kwanta a kanta da kayansa, ya shige ƙarƙashin bamba. Soket ɗin sensar ne ruwa ya shiga, bakinsa ya yi koren tsatsa. Ya kankare shi da ɗan burushi, ya mayar, ya ji ya ce ƙas. Iyakar ciwon ke nan tun farko.

Da ya fito, dattijo yana tsaye a kansa. Mai Waya ya jira faɗa, ya ma yi addu'ar a yi masa faɗan.

"Ka ci gaba da riƙe makullin," in ji dattijon a hankali. "In an tambaye ni, zan ce tana wurin ɗana." Ya juya ya raka Malam da ƙafa.

Matar ba ta bi su ba. Tana tsaye a bakin ƙofar motar, tana ɗaga tsummokaran ɗaya bayan ɗaya a hasken tocila. Ga tsohon zanenta, ga yagaggiyar rigar makarantar Auta. Ta ninke su a natse kamar wanki, ta ɗora a hannunsa.

"Baban Auta," ta ce, "da waɗannan ka tare wa ubana ƙirji?"