Hulunan da Suka Zame

"Kada ki sake zuwa."

Tana tsaye a ƙofar ɗakinsa, maganar ta sauka mata kamar mari.

"Masoyi... me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Na gaji ne." Ko kallonta bai yi ba.

Shekara uku ke nan tana buga wa malamin fassara littafinsa na harsuna. Tsohuwar tafiretarta ba ta da alamar nan mai kama da hula da ake ɗora wa wasu haruffa, don haka ita ta buga, shi ya bi da alƙalami yana sa wa kowane harafi tasa. A Faransanci, in ji shi, sau da yawa hular shaidar wani harafi ce da ya ɓace, a ƙamus ɗin Hausa kuwa tana nuna inda murya ke faɗuwa. A kan teburin aikin nan so ya kama su, duk da Yayanta ya rantse ba zai ba mai ɗinka wa haruffa hula ƙanwarsa ba.

Kwana tara ta yi tana kuka. Yaya kuwa har ƙiba ya yi don murna, ya shiga yi mata tallan mai shagon da take aiki.

Ran na goma, tana tattara takardunsa don ta mayar, idonta ya faɗa kan babin da ya gyara na ƙarshe. Hulunan sun zame. Wata a gefen harafi, wata can a fili inda babu komai. Mutumin da hannunsa bai taɓa kaucewa ba!



Da rana tsaka ta shiga ɗakinsa da babin a hannu, ta tsaya a gabansa shiru.

"Wane ne?" ya ce, idanunsa a kanta.

Nan kukan ya ƙwace mata. "Tun yaushe?"

"Wata shida... Likita ya ce ba magani. Yayanki ya sani. Shi ya ce in rabu da ke, kada ki ƙare a jagora."

"Shi ne ka yarda?"

"Ko fuskarki ba zan gani ba ranar aurenmu, masoyiya."

Ta jawo kujera, ta saka masa alƙalamin a yatsu, ta ɗora hannunta bisa nasa. Hawayenta na ɗiga a gefen takardar.

"Layi na uku. Sauko kaɗan... nan."

Hular ta zauna daidai.