Wa Ya Sace Zoben Kaka?

Sufeto Eivind Rokne bai gama shan kofin safe ba wayarsa ta yi ƙara. Torgeir ne, mai ƙaramin gidan dafa giya na bakin ruwa.

"Yallaɓai, na shiga uku! An sace zoben!"

"Na zinariya?"

"Wane irin zinariya? Na yisti!"

Sufeto ya ajiye kofin. Duk ɗan wannan kwari na yammacin Norway ya san zoben nan na katako, wanda ake tsomawa a kumfar giya a shanya, yistin da ke sa giya ta tashi ya bushe a jikinsa, a ajiye don dafa ta gaba. Tun zamanin kakan Torgeir yake, shi ke ba giyarsu ƙamshin lemo. Ga shi ranar Asabar ake auren Ingunn, 'yar Torgeir, kuma a nan biki ba giyar gida abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki.

A gidan giyar, tankunan ƙarfe sai sheƙi suke. Ƙusar da ake rataye zoben wayam, kwaɗon ƙofa kuwa lafiya lau.

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni, sai yayata Gunvor. Amma ta daina tako nan tun da na sayi tankunan nan. Wai giyata ta koma ruwan wanke-wanke."

"Wa kake zargi?"

"Wani baƙo daga birnin Bergen! Jiya ya zo ɗanɗano, ya yi ta ɗaukar zoben hoto."

Torgeir ko gidansa na cin wuta ba ya barin baƙo ya tafi da busasshen maƙogwaro. Ya jera wa Sufeto ƙananan kofuna.

"Ina bakin aiki fa."

"Ɗanɗano ai ba sha ba ne."

Sufeto ya kurɓi fara mai ɗan tsami, ya kurɓi ja mai ƙamshin hayaƙi, da ya zo kan baƙar sai da ya lumshe ido. Yana buɗewa ya hango ɗanyen reshen einer a ƙasa, itacen da tsofaffi ke dafa ruwan giya da shi.

"Kana amfani da wannan?"

"Na daina, wahalarsa ta yi yawa."

Sufeto ya tarar da baƙon, Snorre, a masauki da jiƙaƙƙen tawul a ka.

"Ina ka je bayan ɗanɗano?"

"Hawan dutse."

Sufeto ya dubi takalmansa, fes, ko ɗigon laka babu. "Da waɗannan?"

Snorre ya sunkuyar da kai. "Gaskiya baƙar ce ta kayar da ni. Na yi barci a kan benci. Wani ihu ne ya tashe ni da yamma, daga gonar can sama, kamar ana yanka mutum."

Sufeto ya yi dariya har da riƙe ciki. Mutanen kwarin nan ba sa zuba yisti shiru. Dole a kurma ihu don a kori duk abin da zai ɓata giya, kuma har masu digiri suna yi.

Ya buga wa Torgeir waya ya ce ya biyo shi, sannan ya hau gonar, wadda ta Gunvor ce. Gunvor na zaune tana saƙa, kamar ba ta san komai ba.

"Gwaggo, an ji ihu a nan jiya."

"Ɓera na gani."

"Ke da kika kori dila da tsintsiya?"

"Ɓeran ƙato ne, ɗan nan. Gaishe da babarka."

Amma ƙamshin lemo ya riga ya tona ta. A cikin sito ga gangar katako lulluɓe da bargo tana ɓulɓul, ga tarin rassan einer, ga zoben a rataye, jiƙe sharkaf.

Gunvor ta jefar da saƙar. "To ni na ɗauka! Ni na raini Ingunn bayan rasuwar uwarta, ba za ta yi aure da giyar ƙarfe ba. Na lallaɓa na shiga, na lallaɓa na dafa, ko tari ban yi ba."

"Ihun fa?"

Ta dube shi kamar ya zare. "In zuba shiru giyar yarinya ta lalace?"

Torgeir ya shigo yana haki, baki cike da faɗa. Sai ta ɗebo giyar a akushi ta miƙa masa. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Sai hawaye.

"Yaya, wannan giyar Baba ce."

"Ashe harshenka bai mutu ba."

Sufeto ma ya ɗanɗana, wai don shaida. Daɗi ya ratsa shi, ya gyara hula.

"Gwaggo, na kama ki. Mu je."

"Caji ofis?"

"Gidan giya," in ji Torgeir yana share ido. "Ba zan kai ƙara ba, in kin yarda kin koya min."

Gunvor ta rataya hannunta a na Sufeto, ta nufi mota kai a sama. A bakin ƙofa ta waiwayo ta dubi ƙaninta.

"Ɗauko zoben. Kuma ka soma gyara murya, don ihunka ko kaza ba ya kora."